Gwanin Dakon Wuta, Raggon Dakon Zafi

Tun ban buɗe baki ba na ji tsakinku. Na ji na 'yan majalisar bakin kasuwar Gwiwa, na ji na masu shan shayi a tashar Kazaure, na mutanen Roni ma ya gangaro daga duwatsu ya iso ni. Na Babura ne kawai ya makara, don su sai sun fara lissafa abin da zancen zai kawo a sefa kafin su yanke hukunci. Cewa kuke, "Wannan malamin me ya sha? Muna fama da kuɗin taki da na man babur, shi kuma zai zo mana da labarin ƙarfen da aka daskarar a ƙasar Turawa." To ku gyara zama. Da na ce shayin yau ni zan biya, amma na tuna yawanku, kowa ya ji da aljihunsa.

Da cokalin da ke hannunka za mu fara, Alhaji. Bar shi cikin kofin nan minti biyu, sa'an nan ka kama bakinsa. Ka ji ko? Shi ya sa uwargida ba ta tuƙa tuwo da sandar ƙarfe, sai muciya. Shi ya sa maƙeri ke da awartaki, shi ya sa fartanya ke da ƙota ta itace. Ƙarfe ɗan tsegumi ne, abin da aka gaya wa wannan bakin nan take ɗaya bakin ya ji. Ka tambayi yaron nan mai naɗin koyil na janareto wane ƙarfe ya fi jan wutar lantarki, zai ce maka jan ƙarfe. Ka tambaye shi wanne ya fi saurin ƙona yatsa in an ɗora masa abin lika dalma, zai sake cewa jan ƙarfe. Wasu Jamusawa biyu, Gustav Wiedemann da Rudolph Franz, sun auna wannan a 1853, suka tarar abin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa: gwargwadon gwanintar ƙarfe wajen ɗaukar lantarki, gwargwadon gwanintarsa wajen ɗaukar zafi. Dalilin kuwa 'yan dakon ɗaya ne. A cikin kowane ƙarfe akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira ilektoron, suna yawo sakaka kamar awakin rani. Su ke ɗaukar buhun lantarki a ka, su kuma ke saɓa buhun zafi a kafaɗa.

Har nan babu mai musu. Na ga ma kawu yana gyaɗa kai, wai ai shi tun yana yaro ya san wannan. Madalla. Riƙe gyaɗa kan naka da kyau, yanzu za a karɓe shi.

A garin Leiden na ƙasar Holan an yi wani mutum, Heike Kamerlingh Onnes, wanda ba shi da sana'a sai neman sanyi. Ku da kuke ƙudundune cikin bargo biyu da hular sanyi in hunturu ya sauko, kuna rantsuwa ba a taɓa irin na bana ba, ku sani ruwan randarku ko daskarewa bai yi ba, wato ko sifili ba ku taɓa ba. Shi wannan bawan Allah a 1908 ya matsa wa iskar hiliyam har ta zama ruwa, a digiri 269 ƙasa da sifili. Ƙarshen sanyin duniya gaba ɗaya, inda babu sauran gaba, digiri 273 ne da ɗan ɗoriya. Taku huɗu ya rage masa. Ranar 8 ga Afrilu 1911 aka tsoma zaiba a wannan ruwan, aka sa mata lantarki, sai turjiyar da kowace waya ke yi wa wuta ta ɓace. Ba raguwa ta yi ba, ɗauke ƙafa ta yi ɗungurungum. Turawa suka raɗa wa irin wannan abu suna sufakwandakta. Ni zan riƙa ce masa mara-turjiya, don kada harshen kawu ya harɗe. In ka lanƙwasa shi ya zama zobe, ka zuba masa wuta, ka cire batir ka tafi aikin Hajji ka dawo, za ka tarar wutar tana nan tana zagaye.

"Ƙarya!" Na ji wanda ya faɗa, yana can baya kusa da buhun gawayi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas. Za ka gani, kuma a Kano za ka gani. Yi haƙuri mu isa.

Ga abin dariya kafin nan. Manyan attajiran ƙarafa, zinariya da azurfa da jan ƙarfe, waɗanda suka fi kowa jan wuta a rana irin ta yau, ko an kai su wannan sanyin ba sa samun wannan sarauta. Waɗanda suka samu su ne 'yan rabbana ka wadata mu: zaiba, da dalmar batirin mota, da kuza, da alminiyam ɗin tukunyar da ake ƙerawa a bayan kasuwa. Dalma tana juyewa a wajen digiri 266 ƙasa da sifili, alminiyam sai an kai shi 272. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Yanzu ga tambayar da na tara ku dominta. Tunda an ce gwanin lantarki gwanin zafi ne, wanda ya zama sarkin lantarki, mara turjiya ko ƙwayar gero, yaya zai kasance wajen ɗaukar zafi? Kawu ya ce ai sai ya ƙona hannu tun daga Daura. To kawu ka faɗi. Raggo ne na ƙarshe. Wayar alminiyam mai tsabta, in ta shiga wannan hali aka ci gaba da sanyaya ta, ɗaukar zafinta na faɗuwa ninki dubbai, har ta koma kusa da muciyar uwargida. Ƙa'idar Jamusawan nan biyu ta kife a bainar jama'a.

An shekara 46 ana sosa ƙeya kafin a gane sirrin rashin turjiyar. Sai a 1957 wasu mutum uku a Jami'ar Illinois ta Amurka, John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer, suka warware ƙullin, aka ba su kyautar Nobel a 1972. Bayaninsu lissafi ne mai sa jiri, amma duk manomin da ke tsakanin Gwiwa da Yankwashi ya riga ya ga misalinsa. Sa guda in an sake shi, ya ci nan, ya tunkuyi can, ya tsaya sosa jiki a gindin gawo. Haka ilektoron yake a waya ta yau da kullum, karo yake ta yi, karon nan shi ne turjiya, shi ke sa cajar wayarka ɗumi. In sanyi ya kai maƙura sai a ɗaura musu karkiya biyu-biyu kamar shanun huɗa. Ba nan abin ya tsaya ba, duk garken gaba ɗaya sai ya ɗauki taku ɗaya, ba mai saɓa wa wani. Tsakuwa ba ta isa ta tsayar da su ba, don kafin ka tsayar da guda sai ka ɓalle karkiya, kuma ɗan ƙarfin da ke yawo a wannan sanyin bai kai ya ɓalle ta ba. Shi ke nan, garma ta wuce sumul.

Zafi kuwa mene ne? Hargitsi ne. Hayaniyar ranar kasuwa ce, kowa na tafiya inda ya ga dama. Wanda yake cikin jeri, ƙafarsa ɗaure da ta dubban 'yan'uwansa, ba shi da hannun da zai karɓi hargitsi ya kai wa wani. Don haka shanun da ke cikin karkiya ba sa ɗaukar zafi ko na sisin kwabo. 'Yan tsirarun da ba a kama ba su ke ɗan taɓa dakon, kuma kullum sanyi ya ƙaru suna ƙara ƙarewa. Sai hanya ta biyu, wadda ba ta bukatar ɗan dako: girgizar jikin ƙarfen kansa, ƙwayar zarra ta girgiza maƙwabciyarta, ita ma ta girgiza ta gaba. Ta wannan hanya dutsen daiman ya fi jan ƙarfe ɗaukar zafi alhali ba ya jan lantarki. Amma a irin wannan sanyin ita ma girgizar ta yi laushi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ina maganaɗisu ya shigo? Ku kun san shi, baƙin zoben nan na bayan lasifika da yara ke ja a ƙasa suna tsintar ƙusa. Shi da mara-turjiya kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya. A 1933, a Berlin, Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano cewa mara-turjiya korar maganaɗisu yake daga cikinsa gaba ɗaya. Shi kuma maganaɗisun in ya yi ƙarfi sai ya rama, ya ɓalle karkiyar, shanu su watse. Da sun watse turjiya ta dawo, dakon zafi ma ya dawo nan take.

Masu neman sanyi, da yake su ma 'yan kasuwa ne a nasu fannin, suka ce abin nema ya samu. Suka ɗauki guntun wayar alminiyam ko dalma ko kuza suka haɗa ɗakuna biyu na na'urarsu da ita, suka naɗa mata ɗan koyil. In suna son zafi ya tsiyaye daga wannan ɗaki zuwa wancan, su kunna koyil, maganaɗisu ya watsa shanu, zafi ya wuce. In sun gama su kashe, hanya ta toshe. Famfo ke nan wanda ba shi da murfi, ba shi da zare, babu abin da ke motsi a cikinsa. Masu lambu a bakin dam ɗin Kazaure da ke toshe kwalbati da buhun ƙasa da tsumma, ina fata kuna ji. Da irin wannan famfo ake kai abu zuwa kashi ɗaya cikin dubu na digiri guda daga ƙarshen sanyi, har ma a wuce nan.

Sai dai abin da ya yi wa waɗannan daɗi shi ya karya zuciyar Onnes. Burinsa ya naɗa wayar da ba ta zafi ya yi maganaɗisu ƙato wanda duniya ba ta taɓa gani ba. A 1914 ya tarar dalmarsa ba ta jure ko kashi ɗaya cikin goma na tesla guda ba. Tesla shi ne mudun awon ƙarfin maganaɗisu. Wato wayar da kanta take haifar abin da zai kashe ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mafitar daga Tarayyar Sobiyet ta ɓullo. Lev Shubnikov a Kharkov, cikin Yukiren, ya lura a shekarun 1930 cewa wasu gaurayen ƙarafa suna da wata dabara ta daban. Bai ci moriyar aikinsa ba, gwamnatin Stalin ta kashe shi a 1937. Alexei Abrikosov a Mosko ne ya fito da bayanin a 1957. Wannan kashi na biyu 'yan siyasa ne. Maimakon su ce da maganaɗisu ko kai ko mu, sai su ce shigo, amma ga inda za ka bi. Su buɗe masa ƙananan hanyoyi sirara, kowace da wuta na zagaye ta kamar guguwar da ke tashi a fako da rani. A tsakiyar kowace guguwa shanu a sake suke, a tsakanin guguwa da guguwa kuwa karkiya na nan daram. Guguwowin kuma ba a warwatse suke ba, a jere suke reras kamar saƙar zuma. Kai mai cewa in gani a ƙas, an gani. A 1967 wasu Jamusawa, Essmann da Träuble, suka barbaɗa ƙurar ƙarfe mai laushi a kan irin wannan abu, ƙurar ta taru a bakin kowace guguwa, suka ɗauki hoto da madubin ƙara girma. Gani ya kori ji.

A nan ne labarin zafi ya yi daɗi, ku bar surutu. In ka fara ƙara ƙarfin maganaɗisu a kan tsabtataccen ƙarfe irin wannan, kana auna yadda zafi ke wucewa, hankali zai ce maka tunda an fara sakin shanu, dako zai ƙaru. A'a. Da farko raguwa yake. Guguwowin farko 'yan ƙalilan ne, shanun da ke cikinsu kamar a ɗaure suke a turke, ba sa iya tsallakawa zuwa ta gaba. Aikin da suke yi kawai tare hanya, kamar shingayen da ake kafawa a titi: girgizar nan mai ɗan taimakawa ta zo ta yi karo, 'yan dakon da suka rage su ma su yi karo. Sai maganaɗisu ya ƙaru, guguwa ta matsi guguwa har gefensu ya fara haɗuwa, sa'an nan 'yan dako su sami gadar tsallakawa, zafi ya fara hawa, ya yi ta hawa har ranar da karkiya ta ƙarshe ta ɓalle. Kuma wucewar zafi ta tsawon guguwowin da wucewarsa a gicciye ba ɗaya ba ne, kamar yadda bin kwarin kunya ya bambanta da tsallaka kunya-kunya da kaya a ka.

Wani zai ce, to su waɗannan malaman ba su da aikin yi ne, sai awon ɗumin ƙarfe? Ga dalilinsu, kuma ni a ganina nan ne wayon yake. Mitar lantarki a gaban mara-turjiya bebiya ce. Ka tambaye ta sau dubu, amsarta sifili. Shanun karkiya sun kwashe wutar duka, ba a jin ɗuriyar kowa. Zafi kuwa waɗanda ba sa cikin karkiya kaɗai ke ɗaukarsa, don haka shi ne ɗan rahoton da ke faɗin su nawa ne, ina suke, wace kusurwa suka fi bi. Har jujjuya maganaɗisun ake yi gabas da arewa ana duba yadda ɗumin ke canzawa, daga nan a gane siffar karkiyar da ido bai taɓa gani ba. In kana son sanin sirrin gida, ba maigida ake tambaya ba, yaran da ke wasa a ƙofar gida ake saya wa alewa.

To ga tambayar da na san tana cin ku: ina ruwan Bagwiwe da wannan?

Ranar da bayan Baba ya riƙe, ko ƙafa ta mutu ba a san dalili ba, likita ya rubuta takarda ya ce a bi hanyar Kazaure a wuce Kano a yi hoton MRI, ranar ruwanku ya shigo. Akwai ƙananan na'urorin da ke aiki da maganaɗisu irin na dindindin. Amma manyan, masu tesla 1.5, waɗanda ake tura mutum cikin rami kamar ana sa burodi a gidan gashi, zoben nan ne da na ce za ka tafi Hajji ka dawo ka tarar da wutarsa. Ranar da aka kafa na'urar injiniya ya zuba mata wuta, ya rufe zoben, ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Ƙarfin da ke cikin ramin ya ninka na maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas ta neman alƙibla, fiye da sau dubu talatin. Kai na bayan buhun gawayi, Baba ya kwanta a cikin ƙaryar tawa, an kuma ba ku hoto a ambulan. Wani abin sha'awa, a shekarar 2003 aka ba Abrikosov Nobel ta kimiyyar fiziks, a shekarar kuma aka ba Paul Lauterbur da Peter Mansfield ta fannin likitanci saboda hoton MRI. Mai guguwa da masu hoto suka karɓa a zama ɗaya.

Wayar da ke ciki gaurayen niyobiyam ne da taitaniyam. Kafin ku ce wannan kuma sunan wane aljani ne, ku tambayi tsofaffin da suka yi ci-rani a Jos. Baƙin yashin nan da ke fitowa tare da kuza, kolombait, daga shi ake fitar da niyobiyam, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haƙo shi. Kakanninmu sun ɗauke shi a kwano a ka, a Bukuru da Barikin Ladi. Yau Birazil ce ke riƙe da kasuwar. Mun sayar da yashi a mudu, muna sayen hoto da kuɗin sa guda. Wannan kuma zancen wata majalisar ne.

Da za a yanka wayar nan a ba ku ku duba, da kun ce an cuce ku, don yawancinta jan ƙarfe ne zalla. Mara-turjiyar siraran zaruruwa ne a binne cikinsa kamar tsinke cikin tuwo. Me ya kawo jan ƙarfe, wanda muka ce bai sami sarauta ba? Ragwancin nan ne na dakon zafi. A wannan sanyin abu ba shi da juriya, ɗan ɗumin da ba zai motsa ma'aunin zafi a ɗakinka ba ya isa ya ɗaga shi digiri da yawa. Waya ta ɗan zame, motsin da bai kai kaurin gashi ba, ko guguwowin nan su yi tsalle gaba ɗaya, sai wuri guda ya ɗumama. Karkiya ta ɓalle a wurin. Wutar da ke gudu ba birki ta ci karo da turjiya, zafi ya ƙaru. Shi kuwa mai gidan ba ya iya kai zafin ko'ina, a nan zai zauna yana taruwa har ya ƙona waya. Jan ƙarfe, wanda a wannan sanyin ya fi shi ɗaukar zafi ninki ɗaruruwa zuwa dubbai, shi ne ɗan aiken da ke kwashe ɗumin da gudu, ya kuma ba wutar hanyar ratse kafin sarki ya farfaɗo. Maganaɗisun farko-farko na shekarun 1960 sun sha kunyata masu su kafin a koyi wannan darasi. Kuma kada ku ɗauka jan ƙarfen ya tsira, shi ma maganaɗisu mai ƙarfi yana lanƙwasa tafiyar 'yan dakonsa, ya rage masa sauri, dole injiniya ya sa wannan a lissafi.

Masu shanu, ga naku. Sabon maganaɗisu irin na manyan ɗakunan bincike sai an yi masa horo. A ɗora masa wuta ya tubure, a sanyaya shi a sake, ya ɗan wuce inda ya tsaya ya sake tuburewa, har wayoyinsa su zauna daidai ya karɓi aiki. Da harshensu ma horo suke ce wa abin.

In ɗan aiken ya kasa, abin ba kyan gani. Duk ƙarfin da ke ajiye ya koma zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ruwan hiliyam ya tafasa. Lita ɗaya tana zama iska fiye da lita 700, kuma na'urar asibiti irin ta da tana ɗauke da lita 1,500 ko fiye. Shi ya sa ake fitar mata da bututu ta rufin ɗaki. Kada ku ce wannan sakacin baƙar fata ne. A cibiyar CERN da ke kusa da Janiba, kan iyakar Siwizalan da Faransa, akwai rami mai zagayen kilomita 27 da manyan maganaɗisu 1,232 masu lanƙwasa hanya, a sanyin digiri 271 ƙasa da sifili. An fara kunna shi ranar 10 ga Satumba 2008. Kwana tara, ranar 19 ga wata, mahaɗar waya guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu, wadda ba a like ta da kyau ba, ta ɗumama, ta narke, wuta ta yi tsalle ta huda tulun hiliyam. Kimanin tan shida ya tsere, aka ciro maganaɗisu 53 don gyara, ba a koma aiki ba sai Nuwamba 2009. Aikin mai lika dalma ne ya zaunar da dubban masu digirin digirgir fiye da shekara. Yaro mai koyil, ka ji darajar sana'arka, ka daina yi mana aikin gaggawa.

Yadda ake tsare sanyin kuwa, ku ne ya kamata ku koya wa wasu. Filas ɗin mai shayi ne aka girmama: tulu cikin tulu, tsakaninsu an zuƙe iska. Kuma jiharmu ta yi nata gwanin a wannan fage. Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, har ya karɓi kyautar Rolex a 2000. Ruwa na tashi yana tafiya da zafi, irin abin da randa ke yi. Su ma masu hiliyam in suna son su gangara ƙasa da 269, zuƙe tururin da ke kansa suke yi don ya ƙara tashi. Dabarar ɗaya ce, kuɗin ne ba ɗaya ba.

Kuɗin kam akwai shi. Hiliyam ba a dafa shi a masana'anta, daga wasu rijiyoyin iskar gas ake tace shi, a Amurka da Katar da Rasha da Aljeriya, wadda Nijar ce kawai tsakaninmu da ita. Mutanen Babura, na ga idonku ya yi haske. Ku kwantar da hankali, ba ya shiga jarka, ba a goya shi a babur. Ga kuma injin sanyaya da ke kan na'urar, wanda ke mayar da tururi ruwa dare da rana. Maganaɗisun ba ya shan wuta, amma mai yi masa fifita yana sha, kuma in wuta ta ɗauke aka bar shi ya daɗe, hiliyam ya fara guduwa. Janareto da dizal ɗinsa, duk suna cikin takardar kuɗin da aka miƙo muku kuka yi salati.

Akwai masu ɗan sauƙin hali. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na kamfanin IBM a Zurich suka gano rashin turjiya a wani abu dangin tangaran, shekara na zagayowa wasu a Amurka suka sami wanda ke juyewa a digiri 180 ƙasa da sifili. Wannan ruwan naitirojin ya ishe shi, wanda daga iskar da muke shaƙa ake tatsa, irin wanda likitocin dabbobi ke ajiye irin bijimi a ciki. Shi kuma da nasa taurin kan. Da ya shiga karkiya, maimakon dakon zafinsa ya faɗi sai ya fara tashi tukuna, domin 'yan tsirarun da suka rage sun sami fili, ba mai bangaje su. A sa masa maganaɗisu, guguwa ta cika filin, tashin ya lafa. Har yau masana ba su daidaita a kan abin da ke ɗaura wa waɗannan karkiya ba. Da taimakon irinsu aka kai tesla 45.5 a wani ɗakin bincike a Florida, aka bayyana sakamakon a 2019. Amma in wuri ɗaya ya ɗumama a jikinsu, labarin ba ya yaɗuwa da sauri, sai ya ci a ɓoye kamar wutar ƙaiƙayi, kafin mai gadi ya farga waya ta huje. Wannan matsala tana nan tana jiran mai warware ta, kuma ban ga an rubuta cewa ɗalibin Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure ba zai taɓa ta ba.

Shayi ya huce, na ga kawu ya fara laluben takalmi. Abu ɗaya zan roƙe ku. Ranar da kuka raka mara lafiya hoton nan, maganaɗisun ba a kashe shi, ko da dare, ko ranar Sallah. 'Yar wuƙar da ke ƙugu, da makullin babur, da tsabar kuɗi, da layar da aka ɗinke da ƙarfe a ciki, ku bar su wajen ɗan rakiya. In akwai ƙarfe a jikin Baba, na tsohon aiki ko na tsohon rauni, ku faɗa tun ba a tambaye ku ba. Kai kuma na bayan buhun gawayi, in kun isa ka tsaya daga bakin ƙofa ka kasa kunne. Za ka ji wani ɗan sauti yana tsit, tsit, tsit ba fashi, kamar tsuntsu a rufin ɗaki. Mai fifitar ne. Ka dawo ka ba majalisa labari, kuma ranar kai za ka biya shayi.